Sugan Hajiya ya daidaita, me ya sa likita ya ƙara mata magani?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifiyata 'yar shekara 61 ce, ta fi shekara goma tana fama da ciwon suga da hawan jini. Metformin take sha, kuma suganta yana nan daidai, awon wata uku da aka yi mata ya nuna 7.1. Sai likitanta ya sa aka gwada fitsari, ya ce akwai furotin har 240, ya ƙara mata dapagliflozin da losartan. Bayan mako uku muka sake gwajin ƙoda, lambar eGFR ta sauka daga 58 zuwa 52. Ga maƙwabciyarta da suganta ya fi nata hawa, ita ba a rubuta mata waɗannan ba. Anya ba maganin ne ke kashe mata ƙodar ba? Ina so in dakatar da shi, ga tsada, ga azumi na tafe.

Amsa: Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da ita. Kada ka dakatar da maganin. Ban ga Hajiya ba, kuma likitan da ya duba ta shi ne mai magana ta ƙarshe, amma bisa abin da ka rubuto, ya yi abin da ya kamata a yi wa mai irin wannan sakamakon. Saukar da ka gani daga 58 zuwa 52 kuwa muna sa ran ganinta tun kafin a fara shan maganin.

Mun daɗe muna koya wa masu ciwon suga cewa lambar da na'urar awo ta nuna ita ce komai. In ta sauka an ci nasara, in ta hau a ƙara ƙwaya. Amma abin da ya fi kai masu wannan ciwo kabari ba lambar ba ce, zuciya ce da shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙoda. A 2008 aka tsayar da wani ɓangare na babban binciken da ake kira ACCORD, wanda aka yi a Amurka da Kanada kan mutum fiye da 10,000, domin waɗanda aka matsa wa da magani don a mayar da awonsu na wata uku ƙasa da 6 sun fi ɗaya rukunin mutuwa. A shekarar ce kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, bayan fargabar da maganin rosiglitazone ya tayar kan zuciya, ta wajabta wa kamfanoni su nuna cewa duk sabon maganin suga ba ya cutar da zuciya. Kamfanonin sun shiga binciken ne don su wanke magungunansu daga zargi, sai aka tarar da abin da ba a zata ba. A 2015 sakamakon binciken EMPA-REG ya fito: cikin masu ciwon suga kimanin 7,000 da suka riga suka kamu da cutar jijiyoyin zuciya, empagliflozin, ɗan'uwan dapagliflozin, ya rage mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 38 cikin ɗari, ya rage kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya da kashi 35. Sugan da ya rage musu ɗan kaɗan ne, bai kai ya zama shi ne dalili ba.

Daga nan aka juya kan ƙoda. Binciken CREDENCE na 2019 ya gwada canagliflozin, DAPA-CKD na 2020 ya gwada dapagliflozin ɗin da aka ba Hajiya, EMPA-KIDNEY na 2022 ya gwada empagliflozin. Na farko ya rage haɗarin lalacewar ƙoda da mutuwar da ke tattare da ita da kashi 30 cikin ɗari, na biyu da kashi 39, na uku da kashi 28, kuma dukansu ukun an tsayar da su kafin wa'adi saboda amfanin ya bayyana, ba daidai ba ne a ci gaba da hana sauran marasa lafiyar. Abin da nake so ka lura da shi a DAPA-CKD shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ba su da ciwon suga ma kwata-kwata, kuma ƙodarsu ta amfana. Saboda haka in ka ce sugan Hajiya daidai yake, gaskiya ne, amma ba don suga aka rubuta mata shi ba. Don ƙodarta da zuciyarta ne.

Bari in tsaya a kan lambar da ta tsorata ka, domin a nan ne mutane da yawa ke yanke maganin da kansu. Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kuma a rana guda ƙodojin biyu suna tace ruwan jini kimanin lita 180, su mayar da kusan duka cikin jiki, ɗan abin da ya rage ya fita a matsayin fitsari. Ciwon suga da hawan jini suna sa jini ya riƙa shiga waɗannan matatai da ƙarfin da ya wuce kima. Ka san yadda mata ke tace gasarar koko da ƙyalle: in aka murɗe shi da ƙarfin tsiya, gasarar za ta fita da sauri, amma ƙyallen zai soma yagewa, dusa ta riƙa bi. Furotin ɗin da aka gani a fitsarin Hajiya dusar ke nan, alamar matatan sun soma yagewa. Dapagliflozin yana ɗan tsuke jijiyar da ke shigar da jini cikin matatar, losartan kuma yana sassauta wadda ke fitar da shi, su biyun suna rage matsin. In matsi ya ragu dole saurin tacewa ya ɗan sauka, kuma saurin tacewar ne lambar eGFR ke aunawa. Muna karɓar saukar da ba ta wuce kashi 30 cikin ɗari ba a makonnin farko. Ta Hajiya kusan kashi 10 ce. Bayan wannan saukar ta farko lambar takan tsaya, ko ta riƙa raguwa a hankali ƙwarai, alhali wanda ba ya shan maganin tasa na ci gaba da gangarowa shekara bayan shekara har ta kai ga wankin ƙoda.

Gwajin fitsarin da aka yi mata ya cancanci yabo, domin an fi yawan mantawa da shi. Ƙoda ba ta ciwo a farkon lalacewarta, kuma gwajin jini na kiriyatinin yana iya nuna lafiya lau alhali furotin ɗin, wanda ake kira albumin, ya daɗe yana zuba a fitsari. A gwajin furotin na fitsari, ƙasa da 30 lafiya ne, daga 30 zuwa 300 lalacewa ta soma, sama da 300 ta yi nisa. Zazzaɓi, ciwon sanyi na mafitsara, jinin al'ada ko aikin ƙarfi suna iya ɗaga shi na ɗan lokaci, shi ya sa ake so a maimaita cikin wata uku zuwa shida a tabbatar. Duk mai ciwon suga nau'i na biyu ya kamata a yi masa wannan gwaji da na eGFR tun ranar da aka gano ciwon, sannan duk shekara. Mai jiran sai ya ga kumfa ta ƙi kwanciya a fitsarinsa, ko ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ya makara da shekaru.

Maganar maƙwabciya kuwa, kowane allazi da nasa amanu. Idan na zauna da mai ciwon suga a yau, kafin in dubi lambar suga ina tambayar kaina abin da ya fi yi wa wannan mutumin barazana. Wanda zuciyarsa ta gaza, yana haki in ya hau bene, ba ya iya kwanciya sai da matasai biyu ko uku, ƙafafu a kumbure, shi dangin dapagliflozin da empagliflozin ne suka fi dacewa da shi, kuma a nisanta shi da pioglitazone mai tara ruwa a jiki, da saxagliptin wanda binciken 2013 ya nuna yana ƙara kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya. Wanda jijiyar zuciyarsa ta taɓa toshewa, ko ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa, musamman in yana da ƙiba, allurai irin su liraglutide da semaglutide da dulaglutide suna da hujja mai ƙarfi a kansa, kuma a 2024 binciken FLOW ya nuna semaglutide ma yana rage haɗarin lalacewar ƙoda da kashi 24 cikin ɗari. Sai dai suna sa tashin zuciya a farko, suna rage cin abinci, ana ajiye su a firiji kafin a fara amfani da su, abin da ba ƙaramin aiki ba ne inda wuta ba ta tsayawa, ga tsada mai tsanani. A 2024 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic, wato semaglutide da sunansa na kasuwa, don haka kada a saye shi a hannun 'yan talla na intanet. Wanda furotin ya ƙi raguwa a fitsarinsa duk da losartan da dapagliflozin, akwai finerenone da za a iya ƙara masa in sinadarin fotashiyam na jininsa bai yi yawa ba. Wanda kuma zuciyarsa da ƙodarsa ke lafiya, ba furotin, hawan jini a daidaice, metformin da gyaran abinci da tafiya suna iya isar sa, ko a ƙara wani abu don sugan kawai. Mai yiwuwa maƙwabciyar a nan take. Mai yiwuwa kuma ba a taɓa gwada fitsarinta ba, kuma da za ku yi mata alheri da kun tambaye ta.

Akwai waɗanda ba na ba dapagliflozin ko da sun roƙa. Mai ciwon suga nau'i na ɗaya, mai juna biyu ko mai shayarwa, da tsohon da ya rame, ba ya cin abinci sosai, jiri na ɗibarsa in ya miƙe. Ina kuma taka-tsantsan da wani nau'in da muke gani a tsakanin baƙar fata: mutum ya zo asibiti a galabaice jininsa ya yi tsami, a ɗora shi kan insulin, bayan watanni ya daina buƙatarta. Irin wannan, da duk wanda jininsa ya taɓa yin tsami saboda suga, maganin yana iya mayar da shi cikin wannan halin. Mai gyambon ƙafa da bai warke ba shi ma sai an auna lamarinsa da kyau. Losartan da lisinopril da danginsu haramun ne ga mai ciki domin suna lalata ƙodar ɗan tayi, kuma ba a haɗa su biyun a sha tare. Lisinopril yakan sa busasshen tari mai naci, wani lokaci kumburin leɓe da harshe, wanda ya fi faruwa ga baƙar fata, shi ya sa nakan fi karkata ga losartan ko telmisartan.

Hawan jinin Hajiya ba ka faɗi nawa yake ba, alhali yana da nauyi daidai da duk abin da muka tattauna. Burinmu ya zauna ƙasa da 130 bisa 80. Losartan shi kaɗai sau da yawa ba ya isa ga mutanenmu. Binciken CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida na Afirka kudu da Sahara, aka buga a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke hawan jinin baƙar fata. Don haka in awonta bai sauka ba, amlodipine ne nake sa ran za a ƙara mata, ba a cire losartan ba, domin shi aikinsa na kare matatai dabam ne. A shekarunta kuma, da ciwon suga da furotin a fitsari, ya kamata a ce tana shan maganin rage kitsen jini irin atorvastatin, ko da gwajin kwalastaral bai nuna wani abin tashin hankali ba. Asfirin ba na kowa ba ne, an fi ba wanda jijiyar zuciyarsa ta taɓa toshewa ko ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa. Abin da ya sa nake nacewa kan haɗa waɗannan duka shi ne binciken Steno-2 na ƙasar Denmak: mutum 160 masu ciwon suga da furotin a fitsari kamar Hajiya, rabinsu aka kula da suga da hawan jini da kitse da abincinsu gaba ɗaya da himma. Bayan shekara 21 ana bibiyarsu, waɗannan sun fi sauran tsawon rai da kusan shekara takwas. Kuma wannan da tsofaffin magunguna masu araha aka yi shi, kafin a san dapagliflozin.

Ɗan ƙarin bayani kan 7.1 ɗin nan. Awon wata uku yana dogara ne da ƙwayoyin jan jini, don haka mai sikila, mai ƙarancin jini, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, sakamakonsa yana iya ruɗar likita. Mai rukunin jini AS ma wasu na'urorin ba sa ba da nasa daidai. In Hajiya na cikin waɗannan, a riƙa haɗawa da awon yatsa na safe da na bayan cin abinci.

Yanzu abin da ya rataya a wuyanka kai mai jinya. Dapagliflozin yana aiki ne ta zubar da suga ta fitsari, gram 50 zuwa 80 a rana. Saboda haka duk gwajin fitsarin da za a yi mata zai nuna suga da yawa, kuma kuna iya ganin kiyashi sun taru a bakin masai. Wannan alamar maganin na aiki ce, kada wani ya ce muku ciwon ya tashi. Amma sugan yana kiran ƙaiƙayi da farin ruwa a gaba, musamman ga mata. Tsarki da ruwa bayan kowane fitsari, tsane wurin, da kamfai na auduga suna rage shi sosai, kuma in ya zo yana jin magani cikin 'yan kwanaki. Uwa ba za ta gaya wa ɗanta namiji wannan ba, kunya ba za ta bar ta ba, sai dai ka ga ta daina shan ƙwayar ba dalili. Ka sa 'yar'uwarka ko matarka ta riƙa tambayarta. In kuwa aka ga kumburi mai zafi da ja a wurin tare da zazzaɓi, asibiti za a nufa a ranar.

Ranar da ta kamu da amai ko gudawa, ko zazzaɓi ya hana ta ci da sha, a ajiye dapagliflozin da metformin da losartan da duk wani maganin sa fitsari, a ba ta ruwa, a kira likita. In ta koma ci da sha sosai na kwana ɗaya ko biyu sai a ci gaba. A jikin da ruwa ya ƙare, magungunan da ke kare ƙoda su ne ke iya durƙusar da ita. Haka kuma ana dakatar da dapagliflozin kwana uku kafin tiyata. In ka gan ta tana amai, ciki na ciwo, numfashi na fita da sauri da zurfi, jiki ya mutu, ku tafi asibiti ko da na'ura ta nuna suga bai hau ba, ku ce a duba tsamin jini, ku faɗi sunan maganin da take sha.

Sai abin da ya fi damuna a garuruwanmu: maganin ciwon gwiwa da ciwon baya. Diclofenac, ibuprofen, piroxicam, da haɗe-haɗen da mai kemis ke ƙullawa a leda ba suna, tsofaffinmu suna shan su kamar gyaɗa. Ga mai shan losartan da eGFR 52, waɗannan guba ne ga ƙoda. Paracetamol ya fi aminci, in bai isa ba a koma wa likita. Jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da lasifika a kasuwa cewa suna wanke ƙoda ko suna tumɓuke suga, ba wanda ya san abin da ke ciki ko yawansa, kuma ƙoda ce ke karɓar duk abin da aka zuba. A rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa, dukansu gishiri ne a wurin jiki, kuma abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade bai kai gram 5 a rana ba, kusan ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin burodi da dunƙule. A kuma tabbatar an auna fotashiyam tare da kiriyatinin, domin losartan na iya ɗaga shi. Metformin ɗinta yana nan daram a wannan matakin. In eGFR ya sauka ƙasa da 45 ake rage shi, ƙasa da 30 a daina. In an taɓa ba ta glibenclamide, a gaya wa likita, domin a jikin tsoho mai raunin ƙoda yana daɗewa, ya kayar da suga cikin dare.

Azumi kuma, a je wurin likita mako shida zuwa takwas kafin watan ya kama, kada a bari sai an ga wata. Mai raunin ƙoda irin nata yana cikin waɗanda azumi ke iya cutarwa, musamman in ya faɗo cikin zafin bazara da ke wuce digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram. Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, kuma in likita amintacce ya ce kada ta yi, karɓar rangwamen ba gazawa ba ce. In an yarda ta yi, sa'a ce da ta fara dapagliflozin tun yanzu, domin ba a so a fara shi gab da azumi ko a cikinsa. Akan mayar da shi lokacin buɗa-baki, ta sha ruwa isasshe tsakanin magariba da sahur, ta jinkirta sahur, ta riƙa awon yatsa da rana, wanda malamai da dama suka yi fatawar ba ya karya azumi. Sugan da ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko jiri mai tsanani da ruɗewa, ta karya azumin nan take ko da minti goma ya rage a kira salla.

Tsadar gaskiya ce, ba zan rufe ka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan dangin magani cikin jerin magungunan da ba a rasa su tun 2021, kuma yanzu kamfanoni da dama na yin dapagliflozin da empagliflozin a farashin da bai kai na asali ba. Ka nemi likitanta ko mai harhaɗa magani na asibitin ya nuna maka wanda ke da rajistar NAFDAC, ka saya a kanti mai lasisi. Wankin ƙoda sau biyu ko uku ake yin sa a mako, kuma kuɗin mako ɗaya na wankin ya fi na watanni na ƙwayar. In duk da haka aljihu bai kai ba, ka faɗa wa likitan ƙarara, ya tsara muku abin da za ku iya ɗorewa a kai. Losartan, amlodipine, atorvastatin da metformin masu sauƙin kuɗi ne, su kada a yi wasa da su ko wata ɗaya. Abin da ba na so shi ne a sha yau a tsallake gobe don kwali ya daɗe, ko a yanke a yi shiru, likita yana rubutu a kati yana zaton tana sha. Ku koma a sake eGFR da fotashiyam a ranar da ya sa muku, a maimaita gwajin furotin bayan wata uku, kuma ku tafi da duk kwalayen da ke ɗakinta a jaka ɗaya, har da na ciwon gwiwa da na gargajiya.